Ɗinkin Rigar Bazara a Gida: Darasi Ga 'Yan'uwana Ɗalibai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya suturta ɗan Adam, ya sanar da shi yadda auduga ke zama zare, zare kuma ya zama tufa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Da malamanmu suka ce kowa ya kawo darasin da zai amfani jama'a, wasu suka ɗauki tajwidi, wasu nahawu, wasu tarihi. Ni kuwa na ɗauki allura da zare, kuma ga dalilina.

A bazarar bara ƙanena mai shekara 6 ya kwana uku ba ya barci. Bayansa da wuyansa duk ƙurajen zafi, yana susa yana kuka. Rigar da yake sawa kullum irin ta 'yan ƙwallo ce, ta nailan, daga gwanjo aka sayo masa. Aka je wajen tela, tela ya ce kayan Sallah sun yi masa yawa, sai bayan Sallah. Kuɗin ɗinkin ma da ya faɗa sai da mahaifiyarmu ta yi shiru. Kun dai san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 komai ya yi tsada, kuma bayan abin da ya sami Madani a Disambar wannan shekarar, jihar Gadarif ta cika da 'yan'uwanmu da suka baro gidajensu, wasu da kayan jikinsu kawai.

Ranar nan kakata ta kira ni ta ce, "Ke kishiya, zo nan. Maigidana yana ƙonewa cikin leda, ke kuma kina zaune da yatsu goma? Ɗauko min almakashi." Daga wannan rana na fara koyo. Abin da ta koya min shi ne zan rubuta muku a nan, da awonsa da lissafinsa, don wanda bai da kaka a kusa ya samu abin dubawa.

Fasali na farko: matsayin wannan aiki

Kada wani ya raina ɗinki ya ce ba ilmi ba ne. A cikin Suratun Nahli, aya ta 81, Allah ya lissafa tufafin da ke kare mu daga zafi cikin ni'imomin da ya yi mana. Wato rigar bazara ni'ima ce da aka ambace ta da kanta. Malaman tafsiri da yawa sun kawo cewa Annabi Idrisu (AS) shi ne farkon wanda ya ɗinka tufa. An ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa da hannunsa, yakan kuma gyara takalminsa. Nana Zainabu 'yar Jahshi (RA) tana jima, tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. An kuma ruwaito daga Ummu Salama (RA) cewa ƙamisi, wato riga mai wuya da hannu, ita ce tufar da Manzo ya fi so, kuma hadisai sun kwaɗaitar da sa fararen kaya.

To, 'yan'uwana maza, kun ji. Ba aikin mata kaɗai ba ne. A ƙasar Hausa ma da can ɗinkin riga da aikin wuya da ɗinkin hula duk sana'ar maza ce, kuma malamai da almajirai da yawa da allura suka ci abinci suna karatu, ba su roƙi kowa ba.

Fasali na biyu: me ya sa wata riga ke da zafi, wata ba ta da shi

Mu a nan Gedambaliya ba sai an gaya mana zafi ba. Daga Maris zuwa Mayu rana takan wuce digiri 40, baƙar lakar gonakinmu ta tsattsage, iska ta taho kamar daga bakin tanderu. Azumin 1445 da na 1446 duk a cikin Maris suka kama.

Jiki yana sanyaya kansa ne da gumi. Amma fitar gumi kaɗai ba ta kawo sanyi, sai in ya bushe, domin bushewar ce ke ɗauke zafin daga fata. Ku dubi randar ƙasa: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Ku shafe randa da fenti ku ga in za ta ƙara sanyaya ruwa. Haka rigar nailan take yi wa mutum. Ba ta shan gumi sosai, in kuma ta matse jiki iska ba ta samun hanya, sai gumi ya kwanta a fata, ƙofofinsa su toshe, ƙuraje su fito.

Saboda haka sharuɗɗan rigar bazara uku ne. Na ɗaya, ta zama ta auduga, don auduga na shan gumi ta sake shi ga iska. Na biyu, ta zama mai faɗi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya da hannu. Na uku, ta zama fara ko mai haske, don farin abu na mayar da hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi. In kun lura, arragi da sirwal da jallabiyar da iyayenmu ke sawa, da taguwa da 'yar shara ta kakanninmu, duk a kan waɗannan ukun aka gina su.

Akwai kuma maganar wuta. Gidajenmu da yawa na ciyawa ne, girkinmu kuma a kan gawayi. Nailan in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. Auduga ma tana cin wuta, amma ba ta narkewa. Yaron da ke zagaya kanun ɗin shayi bai kamata a bar shi cikin rigar leda ba.

Fasali na uku: yankan kakanni

Sirrin da ke sa wannan ɗinki ya yi sauƙi shi ne, babu lanƙwasa a cikinsa in ban da wuya. Duk guntayen rigar masu kusurwa huɗu ne. Asalin haka daga masaƙa ne. Masaƙin Bahaushe yakan saƙa sawaye ne, dogaye marasa faɗi, a jera su a harhaɗa su zama riga. Wanda ya ga wahalar gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da saƙa ba zai yarda a yanke ko ɗan yatsa ɗaya a zubar ba. Tufa a wancan zamani dukiya ce ta gaske: a Barno an yi ciniki da gabaga a matsayin kuɗi, a nan Sudan kuma an yi haka da dammur tun zamanin sarautar Sinnar.

A 1851 ne wani Ba'amurke mai suna Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa. A wannan shekarar ce kuma Baturen nan ɗan Jamus, Barth, ya shiga Kano, ya tarar tufafin da ake saƙawa, a rina, a ɗinka a can suna kaiwa har Tambutu. Duk aikin hannu ne, babu keke ko ɗaya. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji, da waɗanda suka taho bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da wannan sana'a suka taho. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannuwan mutanenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Abin kunya ne jikokin waɗannan mutane su rasa yadda za su sa zare a allura.

Fasali na huɗu: kayan aiki da zaɓen yadi

Kayan aikin ba su da yawa: allura matsakaiciya, zaren auduga, almakashi mai kaifi, igiyar awo mai santimita, fil guda goma ko fiye, da guntun sabulu da ya sirance don yin zane a kan yadi mai launi. In yadin fari ne, fensir ya isa. Wanda yatsansa ke huda ya nemi kushtuban, ko ya naɗa ɗan ƙyalle. Almakashin yadi kada a yanka takarda ko leda da shi, yana dakushewa.

Yadin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne dammuriyya ko dabalan, irin wanda tsofaffinmu ke kira akoko da alawayyo, ko kuma duk wani yadin auduga mara santsi. Yadi mai santsi yana gudu a hannu, zai ba ku haushi.

In kuna shakkar ko auduga ce, ku roƙi mai shago ya ba ku ɗan zare daga bakin yadin, ku ƙona shi nesa da kayansa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Nailan yana tattarewa, ya narke, ya bar ɗan ƙullutu baƙi mai tauri.

Sai gwaji na biyu, wanda ya shafi addini. Ku sa tafin hannu a bayan yadin ku ɗaga shi ga haske. In kuna ganin launin fatar hannun, yadin ya yi shara-shara. Mun karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaidin cewa mafi ƙarancin abin da mace za ta yi salla da shi riga ce mai kauri, doguwa, mai rufe bayan ƙafafunta, da mayafin da za ta lulluɓe kanta. Namiji kuma al'aurarsa daga cibiya ce zuwa gwiwa. Zafi bai ɗauke wannan hukunci ba. Sanyin riga a faɗinta ake nemansa, don haka ba sai an sayi yadin da ake ganin jiki ta cikinsa ba.

Wanda bai da kuɗin sabon yadi ya duba cikin akwati. Tsohuwar jallabiyar Baba a wuya da bakin aljihu take mutuwa, amma daga ƙirji zuwa ƙasa lafiya lau take, tana fitar da rigar yaro cikakkiya. Tob ɗin mata ya kai mita huɗu da wani abu, in na auduga ne yana ba da rigunan jarirai har uku. Amma fa a nemi izini kafin a sa almakashi, kada darasina ya jawo wa wani bulala.

Kafin komai, a jiƙa yadin a ruwa, a wanke, a shanya, a goge. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, mita ɗaya na iya rage santi 4 ko 5. Na san ruwa na da tsada a bazara, amma rabin bokiti ya isa, kuma ya fi asarar riga sukutum.

Fasali na biyar: ɗinki iri uku

Ku yanko zare kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. In ya wuce haka sai ya riƙa sarƙewa. Ku ƙulla bakinsa ɗaya.

Na farko shi ne ɗinkin riƙo. Allura ta shiga ta fita da tazara mai faɗi, kamar santi ɗaya. Amfaninsa ya riƙe guntaye biyu wuri ɗaya kafin ɗinkin gaske, daga baya a zare shi.

Na biyu shi ne ɗinkin koma-baya, kuma shi ne ƙashin bayan riga. Allura ta fito gaba kaɗan, sai ta koma ta shiga daidai inda ɗinkin baya ya tsaya, ta sake fitowa gaba. Ta fuska za ku gan shi a jere kamar na keke. Ku yi ƙoƙari ɗinki uku su shiga cikin santi ɗaya. Kada ku ja zaren da ƙarfi har yadin ya tattare.

Na uku shi ne kalmasa. A lanƙwasa bakin yadi sau biyu don ɓoye zaren da ke warwarewa, sannan a bi shi da ƙananan ɗinki, allura na ɗaukar zare biyu ko uku kawai daga jikin rigar.

Duk inda kuka haɗa guntaye biyu, za a sami baki biyu a ciki. Ku rage ɗaya da almakashi ya zama rabi, ku lulluɓe shi da ɗayan, ku kwantar, ku kalmashe. Wannan yana ninka aikin, amma rigar ba za ta warware a wanki ba, kuma ba ta sukar fatar yaro mai ƙuraje.

Kafin ku taɓa yadin riga, ku yi hankici guda. Kakata sai da ta sa na warware nawa sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Fasali na shida: rigar yaro

Zan ba da misali da awon ƙanena, ku kuma ku canza lambobin da na naku. Awo uku ake buƙata: kewayen ƙirji, nasa 60, tsawo daga kafaɗa zuwa gwiwa, 65, kewayen kai, 52. Duk da santimita.

Faɗin jikin riga: a raba ƙirji biyu, a ƙara 10 na iska, a ƙara 3 na ɗinki. Wato 30 da 10 da 3, ya ba da 43. Tsawo: a ninka 65 sau biyu, a ƙara 6 na kalmasa, ya ba da 136. Ƙyalle ɗaya ne gaba da baya, ba ɗinki a kafaɗa.

In kun sayi mita ɗaya da rabi na yadi mai faɗin 90, bayan wanki faɗin zai dawo wajen 86. Ku raba shi biyu a tsaye, rabi ɗaya shi ne jikin rigar. Yadin auduga in aka ɗan tsaga bakinsa aka ja, yana yagewa a miƙe, ya fi almakashi daidai. Daga ɗayan rabin ku fitar da hannu biyu, kowanne 32 da 20. Ƙyallen hammata biyu, kowanne 8 da 8. Aljihu ɗaya, 14 da 16. Da siririn ƙyalle mai faɗin 3 wanda aka yanka a karkace, na wuya. Abin da ya rage ku ajiye, yana da aiki a gaba.

Sai wuya, kuma a nan ake yin ɓarna. Ku ninke jikin rigar biyu a kafaɗa, ku sa alama a tsakiya. Daga tsakiyar ku auna 6 dama, 6 hagu. Zurfin baya 2, zurfin gaba 6. Ku zana zagayen, ku yanke. Ramin da zai fito kewayensa kamar 32 ne, kai kuma 52, ke nan ba zai shiga ba. Maganinsa ba faɗaɗa ramin ba ne. A tsaga gaba a miƙe santi 12. Tsagar tana da gefe biyu, ta ƙara 24, jimla 56, kai ya wuce cikin sauƙi.

Ni a rigata ta farko ban yi wannan lissafi ba. Na ga ramin ƙarami, na ƙara, na sake ƙarawa da ido. Da yaron ya sa, sai wuyan ya zame har kafaɗa ɗaya ta fito. Kakata ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Kishiya, kin yi wa maigidana ƙofar zaure." Abin da aka yanke ba ya dawowa. Ramin da ya yi kaɗan ana iya ƙara shi, wanda ya yi yawa sai haƙuri.

Ku gama wuyan tun rigar na shimfiɗe. Ku bi bakinsa da siririn ƙyallen nan, ku juya shi ciki ku kalmashe. An yanka shi a karkace ne don ya riƙa miƙewa yana bin zagaye ba tare da ya tattare ba. Ƙarshen tsagar ku maimaita ɗinki a kai sau biyar ko shida, nan ne yara ke fara yaga riga.

Sannan hannu. Ku nemo tsakiyar gefen nan mai 32, ku ɗora shi daidai kan layin kafaɗa, fuska na kallon fuska, ku riƙe da fil, ku yi ɗinkin riƙo, ku bi da koma-baya. Haka ɗaya hannun.

Ƙyallen hammata yana zama ne a kusurwar da hannu ya haɗu da jiki. Gefensa ɗaya a ɗinka shi da ƙasan hannu, gefen da ke maƙwabtaka da shi a ɗinka da gefen jiki ta gaba. Sai a ninke rigar a kafaɗa, sauran gefe biyun su haɗu da hannu da jiki ta baya. In an gama za ku gan shi a ninke kamar kusurwa uku. Kada ku ce ƙarami ne ku bar shi. Shi ke ba yaro damar ɗaga hannu ba tare da rigar ta yage ba, shi ke kuma buɗe wa iska hanya a wurin da gumi ya fi taruwa.

Daga nan ku rufe ƙasan hannu, ku rufe gefen jiki, ku bar santi 10 a buɗe a ƙasa ta kowane gefe don zama da gudu. Ku kalmashe bakin hannu da tsagar gefe da ƙasan riga. Aljihu a ƙarshe: ku kalmashe bakinsa na sama, ku lanƙwasa sauran gefe uku, ku ɗora a ƙirji, ku ƙarfafa kusurwoyin sama.

Rigar mace yankanta ɗaya ne, sai dai tsawo ya kai idon sawu ko ya wuce, hannu ya kai wuyan hannu, tsagar wuya a sa mata maɓalli. Maimakon tsagar gefe, a yanko ƙyalle mai kusurwa huɗu dogo, a raba shi biyu a karkace, a sa a gefe daga hammata zuwa ƙasa, faɗin na ƙasa. Haka za ta buɗe a yi tafiya a sake, ba ta nuna siffar jiki.

Rigata ta farko yamma huɗu ta ci, tsakanin la'asar da magariba. Yanzu biyu sun ishe ni.

Fasali na bakwai: wando

Sirwal ya fi riga sauƙi. Ku auna daga ƙugu zuwa inda kuke so ya tsaya, ku ƙara 7. Ga ƙanena ya kama 67. Ku raba yadin mai faɗin 90 biyu, kowane rabi ƙafa ɗaya ce. Ku ninke kowace ƙafa a tsaye, ku ɗinke daga ƙasa zuwa sama, ku bar kamar santi 30 na sama a buɗe. Sai ku haɗa ƙafafun biyu ta gaba da ta baya, ku sa ƙyalle mai 12 da 12 a hantsa, kamar yadda kuka sa na hammata. Wandon da ba shi da wannan ƙyalle, ranar da yaro ya tsuguna ranar zai yage.

A sama ku lanƙwasa santi 1, ku sake lanƙwasa 3, ku kalmashe, ku bar ɗan rami a gaba. Wannan ita ce ƙubaka. Mazagi, wanda maƙwabtanmu ke kira tikka, siririn ƙyalle ne mai faɗin 4 da aka ninke aka ɗinke, tsawonsa ya fi ƙugu da santi 40. Ku soka masa fil mai kulle ku zura. Mazagi ya fi roba a bazara: roba tana matse ƙugu, ta tara gumi, kuma rana na kashe ta.

Fasali na takwas: abin da ake yi da ragowa

Kun tuna ragowar yadin riga? Ya kai wajen mita ɗaya a tsawo. Ku yanko 35 da 80, ku kalmashe bakin nan biyu gajeru, ku ninke ta yadda santi 15 zai rage ya zama murfi, ku ɗinke gefe biyu, ku sa maratayi. Kun sami jakar juzu'i da littattafai. Kakanninmu gafaka suke yi wa Alƙur'ani, mu kuma muna cusa shi cikin ledar da aka sayo tumatir. Wannan ya kamata mu gyara.

Hula kuwa guntaye biyu ce. Dogon ƙyalle, tsawonsa kewayen kai da ƙarin 3, faɗinsa 18, a ninke ya zama 9 mai ruɓi biyu. Sai zagayayyen saman. Don samun faɗinsa ku raba kewayen kai da 3.14, ku ƙara 2. Ga kai mai 52 zai ba da wajen 18 da rabi. Ashe lissafin da muke ƙorafi a kansa a aji yana da ranarsa.

Sai rigar gora. Ku naɗe gorar ruwa da tsohon tawul ko buhun algarara, ku ɗinke shi a jikinta, ku sa maratayi. A jiƙa, a rataye inda iska ke bi. Irin aikin da randa ke yi shi zai yi. Masu zuwa gona da masu tafiya a bayan lori sun san daɗinsa.

Guntayen da suka fi haka ƙanƙanta a tara su don maho. Yaga in tana ƙarama a kama ta, kada a jira ta girma. Maho ba abin kunya ba ne. Jibbar Ansar ta zamanin Mahadi, daga 1881 zuwa 1898, da maho aka san ta, alama ce ta zuhudu, kuma manyansu ma ita suke sawa.

Kammalawa

Ƙanena ya sa rigarsa ta biyu, wadda wuyanta ya yi daidai. Aka riƙa yi masa wanka da ruwan sanyi, aka ajiye rigar ƙwallo, cikin mako guda ƙurajen suka kwanta. Amma a lura, in ƙuraje sun yi ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, wannan ya wuce maganar riga, a kai yaro asibiti.

Shawarata ga 'yan ajinmu ita ce, a wannan hutu kowa ya ɗinka riga biyu. Ta farko ta ɗan gidanku, a kanta za ku yi kurakuranku. Ta biyu, wadda hannu ya faɗa, ku kai wa wani yaro cikin baƙin da yaƙi ya koro mana, ku kai ta a asirce ta hannun mahaifiyarsa, ba a gaban yara ba. Wanda ya maƙale a wuya ko hammata ya same ni bayan darasin la'asar, ko kuma ya je wajen tsohuwar da ke gidansu, don na tabbata ta fi ni sani, ba a tambaye ta ba ne kawai.

Iyayenmu mata, ku ba mu tsofaffin kaya mu koya a kai, kuma ku yi haƙuri da ɗinkinmu na farko. Iyayenmu teloli, ba kasuwarku muke so mu kashe ba, kayan Sallah da na aure naku ne, mu na zaman gida muke yi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, malamaina su gyara min. Allah ya saka wa kakata da alheri, ya ƙara mata lafiya. Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Amin.